Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: Gwiwar Mutumin Gammo Ba Ƙwaya Kaɗai Take Buƙata Ba



Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Aron hankalinka nake nema a kan wata cuta da ba ta kisa nan take, ba ta yaɗuwa, ba ta kuma sa a kira taron gaggawa a ma'aikatarka, amma tana cin ƙarfin ƙauyukanmu kamar yadda gara ke cin azara. Ciwon baya nake nufi, da ciwon gwiwa da na ƙugu, da sauran abin da mutanenmu ke tattarawa su kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Na kafa maganar a kan Gammo, ɗaya daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Kabo, da maƙwabtanta na ƙasar Gwarzo, saboda wuri ne da bai yi nisan da gwamnati za ta ce ba ta iya kaiwa ba, bai kuma yi kusan da mai ciwon gwiwa zai riƙa zuwa birni sau biyu a mako ba. Buƙatata guda ce: a sauko da motsa jiki na magani zuwa asibitin mazaɓa, a ba shi matsayin da aka ba ƙwaya da allura.

Wanda yake son ya san girman matsalar ba sai ya buɗe rajistar asibiti ba. Ya dubi ƙarshen sahu a masallatan Juma'a, ya ƙirga kujerun roba da benci da aka jera wa waɗanda ruku'u da sujada suka gagara, ya kuma lura cewa ba dukansu ne tsofaffi tukuf ba. Ya tambayi dalilin da ya sa magidanci ɗan shekara 50 ya koma biyan 'yan ƙwadago a gonar da da shi kaɗai yake nome ta, ko dalilin da ya sa uwargida ta sallama wa 'yarta taɓarya da guga, yarinyar kuma ta riƙa makara a makaranta. Alƙaluman duniya abin da ido ke gani suke tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.71 ne ke fama da cututtukan ƙashi da gaɓɓai da tsoka, kuma ciwon baya shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a doron ƙasa. Masu shi sun kai miliyan 619 a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050, kuma a Afirka da Asiya ake sa ran ƙaruwar za ta fi yawa. Wani nazari na 2018 da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya gano cewa a kowane lokaci kusan mutum 39 cikin 100 na ɗauke da ciwon baya. Kabo ta haura mutum 150,000 a ƙidayar 2006, Gwarzo kuma ta haura 180,000, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Ko da kaso kaɗan ne daga cikinsu ciwon ya zame wa ƙarfen ƙafa, maganar dubbai ake yi, kuma galibinsu da jikinsu suke cin abinci.

To me mai wannan ciwo yake samu a yau? Kemis yake fara zuwa, a ƙulla masa haɗi a leda: dikilofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun tare, a ɗora masa dekza ko furedinisolon, ya sha ya ji garau ya koma gona. Kwana uku ciwo ya dawo, shi ma ya koma kemis. Kai likitoci ne ke kewaye da kai, ranka ya daɗe, ba sai na tsawaita ba: shan irin waɗannan magunguna wata da watanni na jawo gyambon ciki da zubar jini a hanji, yana ɗaga hawan jini, yana taɓa ƙoda. Dangin dekza kuwa, ban da kumbura fuska, suna tayar da ciwon suga, suna kuma rarake ƙashin da ake cewa ana yi wa magani. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wanda haɗin ya daina yi wa aiki sai ya haura zuwa tiramadol. Binciken shan ƙwayoyi da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba, tiramadol ce kuma ta fi yawa. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin lalacewar tarbiyyar matasa, sai mu manta da lebura da manomin da suka fara sha domin baya ya bar su su kai yamma. Duk wanda ke son rage cinikin tiramadol a karkara, dole ya tanadi wani abin da zai miƙa wa mai ciwon baya a madadinta.

Daga kemis sai wanzami, a yi ƙaho ko tsaga, ko a je wa maɗori ko mai tausa. Ba zan zage su ba, domin su ne suke nan lokacin da babu kowa, kuma tausa tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda suna iya sassauta ciwon baya na ɗan lokaci. Aibin dai shi ne duk hanyoyin nan abu guda suke koya wa majiyyaci: ka kwanta a yi maka. Wanda ya tara ɗan kuɗi ya shiga birni kuwa, hoto yake nema. A ɗauka, a nuna masa, a ce ƙashin bayansa ya goge ko gwiwarsa ta cinye, ya koma gida da kalmar da ta fi ciwon nauyi. Alhali wani babban nazari na 2015 ya duba hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya sami alamar tsufan faifan ƙashin baya a jikin 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Furfura ce ta cikin jiki. Amma wanda aka gaya wa bayansa ya lalace zai ji tsoron sunkuyawa, ya rage motsi, tsoka ta saki, gaɓa ta ƙage, ciwo ya ƙaru, shi kuma ya ce ai dama likita ya faɗa.

Ko sunan da muka raɗa wa wannan fanni yana cikin matsalar. A Kano cewa ake an tura wane gashi, ko an kai shi gashin ƙashi. Wanda ya ji kalmar gashi zafi yake tsammani: fitila mai ja, na'ura mai tsirawa, a shafa masa man zafi. In likitan fisiyo ya ce masa ya tashi ya zauna sau goma, sai ya ga an raina masa hankali, ya biya kuɗin mota daga Kabo don a sa shi tsallen kwaɗo. Shi ma mai tsara kasafi da ya ji gashi, na'urori yake hangowa da ɗaki mai lantarki, sai ya yanke cewa abin na manyan asibitoci ne. Tarihi ma ya taimaka wa wannan fahimta. Aikin fisiyo ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, domin kula da sojojin da suka dawo da rauni daga Yaƙin Duniya na Biyu. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista a 1988. A nan Kano, gindinsa na Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin Murtala da Nassarawa. Duk a cikin birni. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin fisiyo shekara da shekaru, sabon mazauninta ma a kan titin Gwarzo yake, amma titin kamar hannu ɗaya gare shi: majiyyaci ne ke bin sa zuwa gabas, ma'aikaci ba ya bin sa zuwa yamma.

Abin da ilimi ya tsaya a kai yau ya saɓa wa wannan fahimta gaba ɗaya. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi a gwiwa ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma kamar soso yake: sai an matsa an saki sannan ruwa ke shiga ya fita. Gaɓar da aka hana motsi, yunwa aka sa mata. Tsokar gaban cinya ita ce ke tare nauyi kafin ya faɗa wa gwiwa, kuma 'yan kwanakin kwanciya sun isa ta fara zubewa. Wannan ne ya sa hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2022, ta ce jigon maganin amosanin gaɓɓai shi ne atisaye da rage ƙiba ga mai ita da ilimantar da majiyyaci. Ta ce wanda ya kai shekara 45, ciwonsa na tashi da aiki, ƙagewar safiya kuma ba ta wuce rabin awa, ana iya gane cutarsa ba tare da hoto ba, sannan ta hana ba shi magunguna masu ƙarfi na dangin ofiyom. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta goyi bayan ilimantarwa da atisaye, ta ce a bar ɗamarar ƙugu da jan baya da na'ura da magungunan ofiyom. Ƙasar Denmark ta mayar da wannan ilimi tsari tun 2013, da shirin da ake kira GLA:D: zama 2 na bayani, zama 12 na atisaye a rukuni cikin mako 6. Kayan aikinsa tabarma ne da kujera da igiyar roba da matakala.

Na san za a ce Denmark daban, Kabo daban. Gaskiya ne, shi ya sa hujjar da na fi dogara da ita ta gida ce. A asibitin matakin farko na Tsakuwa, a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, masu bincike na ɓangaren fisiyo na Jami'ar Bayero, Aminu Ibrahim da Mukadas Akindele da Sokunbi Ganiyu, sun gwada abin a kan mutanen karkara 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sun kasa su uku: wasu aka yi musu bayani kaɗai a kan ciwon da yadda ake zama da shi, wasu atisayen ƙarfafa tsokokin ciki da na baya kaɗai, wasu aka haɗa musu biyun, tsawon mako 8. Sakamakon ya fito a mujallar BMC Musculoskeletal Disorders a 2023. Duka rukunan uku sun sami sauƙi, waɗanda aka haɗa wa bayani da atisaye su suka fi, kuma da aka sake duba su a mako na 20 sauƙin na nan. Mutanen Tsakuwa Hausawa ne manoma, da yawansu ba su yi boko ba, fartanyarsu irin ta Gammo ce. Wannan bincike ya rushe zance biyu a lokaci guda: cewa ɗan ƙauye ba zai yarda da magani marar ƙwaya ba, da cewa sai a babban asibiti ake iya aikin. Masu binciken Kano sun kuma fassara ma'aunan naƙasar ciwon baya zuwa Hausa, sun gwada ingancinsu. Abin takaici ne a ce jihar da aka yi wannan aiki a cikinta ta bar shi a shafin mujalla, masu karatu a wasu ƙasashe su amfana, Kabo ba ta ji ko ƙamshinsa ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi daga bakin manomin da kansa zai fito, kuma ya cancanci amsa ta mutunci. Zai ce: ni da nake wuni a duƙe daga hantsi zuwa la'asar, ni za a ce wa in motsa jiki? Ai motsin ne ya kashe ni. Yana da rabin gaskiya. Masana sun lura cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba jiki amfanin da atisaye ke bayarwa, kuma dalilin a fili yake. Noma motsi guda ne ake maimaitawa sau dubbai, a sunkuye, ba hutu, wasu tsokoki na shan wahala wasu na barci. Sannan akwai yanayin shekararmu: wata da watanni na rani jiki na zaune a majalisa, ruwan farko na sauka a afka wa huɗa da shuka da noman farko cikin 'yan makonni. Ko doki ba a fitar da shi daga turke a kai shi sukuwa haka. Atisayen magani kuwa awo gare shi kamar ƙwaya: wace tsoka, sau nawa, da wane nauyi, yaushe za a ƙara. Tashi daga benci ba tare da dafa gwiwa ba, hawa da sauka a dakali, ɗaga ƙafa a miƙe ana kwance a tabarma, ɗaga ƙugu sama, miƙe baya bayan kowane 'yan kunyoyi, tafiya da sauri zuwa masallaci mai ɗan nisa. Ana fara wa mutum daga inda ƙarfinsa ya tsaya, a koya masa cewa ɗan zafin da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ne. Bari in ɗan ratse: jihar Kaliforniya ta Amurka ta haramta sa leburorin gona aiki da gajeriyar fartanya tun 1975 saboda illarta ga baya, kuma manoman ƙasar rairayi a Nijar a tsaye suke noma da doguwar hauyar turawa. Ba cewa nake a hana fartanya ba, ƙasarmu ta kunya ce mai nauyi. Amma wanda ya ƙirƙiro sungumi don a yi shuka a tsaye ya san darajar baya, kuma zama tsakanin likitan fisiyo da malamin gona da maƙerin gari a kan tsawon ƙota ba ɓata lokaci ba ne.

Akwai wani ƙorafin daga ɓangaren masana, kuma ɓoye shi rashin adalci ne. Bitar da cibiyar Cochrane ta sabunta a ƙarshen 2024, wadda ta tattara gwaje-gwaje 139 a kan amosanin gwiwa, ta ce atisaye na rage ciwo yana kuma inganta aikin gaɓa, amma amfanin matsakaici ne. Ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Na karɓi wannan, ina ma ganin wajibi ne a faɗa wa majiyyaci haka tun ranar farko, kada a yi masa alkawarin 'yan tallan magani a mota. Sai dai a tambaya: da me ake gwada shi? Magungunan kashe zafi ma amfaninsu matsakaici ne, suna kuma ƙarewa da ƙarewar leda, ga illa. Canjin gwiwa da tiyata yana aiki ga wanda cutarsa ta kai maƙura, amma kuɗinsa miliyoyi ne, manomin Gammo sai ya sayar da gonar da yake son gwiwar domin ta. A tsakanin abubuwan da hannunsa zai iya kaiwa, atisaye ne kaɗai wanda in ya koya ya zama nasa, kuma yana taimaka wa hawan jini da suga maimakon ya tsananta su. Abin da masani zai kira matsakaicin sauƙi a takarda, a ƙauye shi ne bambanci tsakanin mai iya tsugunawa a banɗaki da kansa da wanda sai an riƙe shi.

Tsoron da na fi girmamawa shi ne na likitoci: kada a mayar da kowane ciwon gaɓa na atisaye, a sa mai babbar cuta tashi-zauna har lokaci ya ƙure. A ƙasarmu wannan ba zato ba ne. Tarin fuka na kama ƙashin baya. Mai sikila kan ƙashin cinyarsa na iya mutuwa saboda toshewar jini. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ta yi ruwa, kuma kwanaki kaɗan sun isa ta lalace. Mai ciwon baya da ƙafafunsa suka fara saki, ko fitsari ya fara kufce masa, ba ɗan ajin atisaye ba ne, na motar asibiti ne. Akwai kuma amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya kama kusan mutum miliyan 18 a duniya, 70 cikin 100 mata: ƙananan gaɓɓan hannu biyu su kumbura, a tashi da safe yatsu a ƙage fiye da awa guda. Wannan sai da magani irin metotirekzet, da wuri, a hannun ƙwararre, in ba haka ba yatsu su karkace har abada. Amma ka duba, ranka ya daɗe, wa ke tantance waɗannan a yau? Mai kemis ne, kuma dekzar da yake bayarwa ita ce ma ke lulluɓe alamun. Ma'aikacin lafiyar da aka koya wa atisaye, darasinsa na farko shi ne sanin wanda ba zai taɓa ba, da inda zai tura shi, Gwarzo ko Dala ko asibitin Malam. Saboda haka shirin ƙofar tantancewa zai buɗe inda babu ita. Kuma ko masu amosanin garkuwar jiki, bayan an ɗora su a kan magani, motsi na yi musu amfani: gwajin da aka yi a Ingila a kan majiyyata 490, wanda mujallar Lancet ta buga a 2015, ya nuna atisayen hannu ya inganta aikin yatsunsu har bayan shekara guda.

Sai maganar ma'aikata da kuɗi, wadda na san ita ce za ta fara zuwa teburinka. Za a ce jihar da ke fama da mutuwar mata wajen haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mashaƙo ba ta da sararin ciwon gwiwa. Ban ce a ɗauke ko sisi daga ɗakin haihuwa ba. Amma kakar da ke raino in uwa ta tafi awo, da uban da zai nemo kuɗin motar kai ta asibiti, su ne masu ciwon nan. Gidan da bayan maigida ya kwanta, abincinsa ke raguwa, tamowar ma ta nan take shigowa. Kuma ba sabon nauyi nake ɗora wa matakin farko ba. Sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda aka gina tsarin a kanta, ta lissafa farfaɗo da naƙasassu tare da rigakafi da warkarwa, kuma a watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan aiki cikin kiwon lafiya tun daga tushe. Ƙarancin likitocin fisiyo gaskiya ne, a ƙasashe da yawa irin tamu ba su kai 10 ga mutum miliyan guda ba. To amma Najeriya tana da manufar raba ayyuka ga ƙananan ma'aikatan lafiya tun 2014, da ita aka ba su damar yin abubuwan da da sai likita ko ungozoma. Kano kuma ta riga ta nuna tana iya shiga gida gida: da mata masu wayar da kai da masu unguwanni da limamai aka kori shan inna, har aka ga na ƙarshe a jihar a Sumaila a 2014. Wanda ya iya kai ɗigon rigakafi kowane zaure, cikin sanyin ƙanƙara, ba koyar da tashi daga benci ne zai gagare shi ba.

Ga yadda nake ganin abin zai yiwu. Babban Asibitin Gwarzo ya zama uwa. A ajiye likitocin fisiyo a can, mace da namiji, a rubuta a takardar aikinsu cewa wasu ranakun mako na fita mazaɓu ne, a ba su babur da mai da alawus ɗin karkara na gaske, domin wanda aka tura ƙauye ba tare da wannan ba, neman canji zai fara tun ranar da ya sauka. Su horar da ma'aikatan lafiya na asibitin mazaɓar Gammo da wasu mazaɓu biyu ko uku, su kuma ci gaba da zuwa suna duba hannunsu. Wannan sa idon ba ado ba ne: a Tsakuwa ƙwararru ne suka koyar da kansu, don haka miƙa aikin ga ƙananan ma'aikata mataki ne da sai an bi shi a hankali ana aunawa. Aji ya zama na mutum goma zuwa goma sha biyu, sau biyu a mako, mako 6 zuwa 8, a kuma sa shi da rani bayan an kai amfani gida, ya ƙare kafin ruwan shuka, yadda jiki zai tari damina a shirye. Wanda ya kira manomi aji a watan Yuli shi kaɗai zai zauna. Na mata kuwa sai an yi masa tunani na musamman, don su ne ciwon gwiwa ya fi kamawa, su ne kuma fitarsu ta fi wuya. Mace ce za ta koyar, a makarantar Islamiyya ta matan aure ko a tsakar gidan mai unguwa, da yardar mazajensu da aka nema tun farko ta bakin liman. Malamai kuma suna da abin faɗa a nan wanda likita ba shi da shi: shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune, wannan rahama ce, amma ba ta hana shi neman ƙarfin da zai mayar da goshinsa ƙasa ba. Babu abin da zai sa dattijo ya dage da atisaye kamar wannan buri.

Kuɗin shirin ba na gini ba ne, ba na na'ura ba, kuma ina roƙo kada a bari ya rikiɗe ya zama kwangilar sayo injuna da za su yi ƙura saboda rashin wuta. Albashi ne da horo da man babur. Ƙofofinsa ma suna nan: asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, da asusun lafiya na jiha, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA. A sa ajin atisaye cikin abin da ake biya wa asibitin mazaɓa, domin ma'aikaci abin da ake biya ake kuma tambayarsa a kai shi yake yi. Tun ranar farko kuma a auna. A rubuta sau nawa mutum ya iya tashi daga benci cikin daƙiƙa 30, da makin da ya samu a ma'aunin nan da aka fassara zuwa Hausa, da yawan kwanakin da ya sha maganin kashe zafi a mako. A sake aunawa a ƙarshen aji, a kuma sake bayan an yi girbi, domin damina ce za ta faɗi gaskiyar abin. A ba sashen fisiyo na Jami'ar Bayero riƙon alƙaluman, ba wanda ya gudanar da shirin ba, a fitar da su fili ko sun yi daɗi ko ba su yi ba. In sun nuna mutanen Gammo sun rage zuwa kemis sun kuma nome gonakinsu, kana da hujjar kai shi dukan mazaɓu 484 na jihar a hankali. In ba su nuna ba, asarar ba ta wuce ta 'yan tabarmi da man babur na shekara guda ba.

Allah ya taya ka riƙo, ranka ya daɗe.

Wassalam.